Hoton da Lawal Ya Manna a Ƙofar Shago

Ranar Talata ce, cikin bazarar shekarar 2007. Tun da hantsi rana ta buɗe wuta a kan Injamena. Babu iska, babu girgije, kwanon rufin shaguna har ƙara yake yi don zafi.

Akwai wani mutum a unguwar Moursal, sunansa Lawal. Jikan mahajjata ne, irin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka zauna har suka bar zuriya. Da can kayan babur yake sayarwa. Da intanet ta shigo gari sai ya sayar da komai, ya sayi tsofaffin kwamfutoci da janareto, ya buɗe shagon da ake kira siber, inda 'yan makaranta da masu 'yan uwa a waje suke zuwa aika saƙo.

Shagon ya karɓe shi, shi ma ya miƙa masa wuya. Ya daina zaman majalisa. Ya daina zuwa suna da gaisuwar rasuwa, sai dai ya aika a ce yana nan tafe. Matarsa Zaliha takan aiko masa da abinci, ya huce a gefen kwamfuta har ƙuda su gaji da shi. 'Yarsa Hamdiyya, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, takan biyo ta shagon in an tashi, ta tsaya a bayansa tana ba shi labarin abin da malama ta ce. Shi kuwa sai ya ce "to, to," idonsa na kan gilashin kwamfuta.

Ko wace magana aka ɗauko, amsarsa ɗaya ce: "Na gani a intanet." Da ya faɗi haka, a wajensa zance ya ƙare.

A wannan shekarar ne wani baƙo ya ƙetaro daga Najeriya ta Kuseri, sunansa Ghali. Wankin hula ne sana'arsa. Dogo ne, siriri, da tabo a kumatunsa na hagu. Kullum yana saɓe da babban buhu yana bin gidajen Hausawa da shagunansu, ya karɓi huluna masu dauɗa, ya dawo da su fes. Bai iya Larabcin gari ba, bai iya Faransanci ba, Hausa ce kawai a bakinsa. Amma aljihunsa ba ya rabo da dabino, don haka yara suka san shi, suna bin sa.

A gidan Baba Inusa ya sauka, can unguwar Atrone. Baba Inusa ƙanin mahaifin Lawal ne, kuma tsohon mai masauki. Hausawan garin suna da tsari tun zamanin kakanni: baƙo ba ya zama haka kawai, sai a ƙarƙashin sunan wani. Mai masauki shi zai binciki asalinsa, shi zai tsaya masa. In baƙo ya yi laifi, ko ana zarginsa, ba a taɓa shi sai an je an sami mai masaukinsa an tambaya. Kowa ya san wannan. Lawal ma ya sani, a cikinsa ya tashi.

Ana 'yan kwanaki kafin wannan Talatar, wani saƙo ya faɗo akwatin saƙonnin Lawal na intanet. Bai san wanda ya fara aiko shi ba, ya bi hannu da yawa kafin ya iso. Da Faransanci aka rubuta, da manyan baƙaƙe: wai ga hoton wani ɓarawon yara da ya shigo Injamena, yana yaudararsu da kayan zaƙi, yana sa su a buhu. A ƙasa an ce duk wanda ya gani ya yaɗa.

Lawal ya buga hoton a takarda. Tawada ta kusa ƙarewa, fuskar ta fito dishi-dishi. Abin da ake iya gani kawai shi ne dogon mutum da hula, da wani layi a kumatu.

Ya fita da ita wajen Rufa'i mai shayi, wanda teburinsa ke jikin shagon.

Rufa'i ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya yi dariya. "Wannan ai ko kakana aka ce shi ne zan yarda. Kai, har ya so ya yi kama da mai wankin hulan nan na gidan Baba Inusa."

Da wasa ya faɗa. Lawal bai ɗauke ta wasa ba.

"Sake faɗa."

"A'a, ni shayi nake sayarwa, ban ce komai ba."

"Buhu. Dabino. Tabo a kumatu. Yaushe ya shigo garin nan? Rufa'i, shi ne!"

"Alhaji, kai da ko Makka ba ka je ba muke ce maka Alhaji, ka ga ai ba duk abin da aka faɗa ne gaskiya ba. Ka je ka tambayi tsohon mana."

Lawal ya yi tsaki. Ya koma ciki ya buga takardun da yawa. Ya manna ɗaya a ƙofar shago, ya manna a jikin sandar lantarki, ya raba wa 'yan kalando, masu haya da babur, da ke tsayawa a bakin kasuwa. Bai rubuta sunan Ghali ba. Amma duk wanda ya tsaya kallo, sai ya ce masa da Larabci, "Ku lura da mai buhun nan."

Magana ta kai Atrone. Baba Inusa ya hau mota da kansa ya zo, da sandarsa. Bai shiga shagon ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana duban takardar.

"Lawali."

"Na'am, Baba. Ku shigo, akwai fanka."

"Cire wannan."

"Baba, gargaɗi ne. Yara ake sacewa."

"Ɗan wa aka sace?"

Lawal ya ce, "Ba a kai ga nan ba tukuna. Amma na gani a intanet."

"Ghali baƙona ne. Kakansa ya sauka a gidan kakanka a hanyar Makka, da ya dawo ma nan ya sauka. Na san gidansu, na san wanda ya yanka masa ragon suna. Tabon nan, faɗuwa ya yi daga keke yana yaro. In kana da magana a kansa, ƙofata a buɗe take. Ka zo ka tambaya."

"Baba, da girmanku, wannan zamanin ya wuce. Ku abin da mutum ya faɗa muku da bakinsa kuka sani. Wannan na'urar kuwa duniya gaba ɗaya take gani."

'Yan makarantar da ke ciki suka ƙunshe dariya. Tsohon ya dube su, ya dubi Lawal.

"Ita na'urar, in an zubar da jini, za ta zo ta tsaya gaban iyayensa?"

Bai jira amsa ba, ya juya. Da ya koma gida ya ce wa Ghali ya daina bin Moursal har ƙura ta lafa. Ghali ya ce to, amma akwai hulunan mutane a hannunsa, ga Juma'a na matsowa. Bari ya mayar musu da kayansu ranar Talata, daga nan ya dakata.

To, ranar Talatar ce wannan.

Wajen azahar, lokacin tashin 'yan makaranta, babu wutar lantarki, janareton Lawal na ta ruri. Yana zaune yana karanta wani saƙon, sai ya ji ihu ya rinjayi ƙarar injin.

"Sarrag! Sarrag al-iyal!" Wato ɓarawo, ɓarawon yara.

Wani ɗan kalando ya leƙo yana haki. "Mutumin takardarka! An kama shi da yarinya a hannu, jini a jikinta!"

Lawal ya miƙe har kujera ta faɗi. Abin da ya fara ji a ransa ba tsoro ba ne, daɗi ne. Ga shi dai maganarsa ta fito. Ya zare ƙarfen da yake saƙale ƙofar shago da shi, ya fita a guje. Rufa'i na kiran sa, bai waiwaya ba.

A bakin kasuwa ya tarar da taro. Can gefe, jikin wani bango, mata sun yi da'ira a kan yarinyar da aka ƙwace, suna salati da kururuwa. Bai ko dubi wajen ba. Tsakiyar maza ya nufa, yana ture mutane da kafaɗa.

Ghali na durƙushe a ƙasa. An yaga masa riga, baki ya fashe, buhunsa ya tarwatse, huluna farare da masu aiki sun watsu cikin ƙasa ana tattaka su. Yana ta magana, yana rantsuwa, yana nuni da hannu, amma da Hausa yake yi, kuma babu mai jin Hausa a cikin waɗanda suka kewaye shi. Wani ya sauke masa bulo a gadon baya. Wani ya shure shi a haƙarƙari. Wata mai kifi ta kwaɗa masa tire a ka.

Sai ya ɗago ya ga Lawal. Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya hango ɗan uwa a bakin kogi.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, kai kana jin magana ta. Don Allah ka faɗa musu..."

Ya ɗaga hannun dama zai nuna wajen bangon.

Lawal ya sauke ƙarfen a kan hannun da duk ƙarfinsa. Ƙashi ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara. Ghali ya kurma ihu, ya dafe ƙasa, Lawal ya sake sauke ƙarfen a kan yatsun. Ya juya ga taron ya ce da Larabci, "Shi ne! Shi ne na hoton!"

Wannan kalmar suke jira. Mai siber da kansa ya tabbatar, kuma ɗan yarensa ne. Duwatsu suka fara sauka kamar ƙanƙara. Wani dutse ya sami Ghali a ido, jini ya wanke masa rabin fuska. Ya daina magana, ya dunƙule, ya sa hannun da ya rage a kansa. Wani matashi ya gangaro da tsohuwar taya. Wani ya fizgi kwalbar fetur daga teburin mai sayarwa a bakin titi, ya cire murfin da haƙori.

A daidai nan, ta wata 'yar kafa da ihun ya bari, Lawal ya ji wata siririyar murya daga wajen bangon.

"Baba... Baba..."

Ya san muryar. Ita ce wadda take tsayawa a bayansa kullum yana ce mata "to, to."

Ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa. Ya kutsa cikin matan. Hamdiyya ce kwance a ƙasa cikin kayan makaranta, ƙafarta ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinta. An ɗaure cinyar tamau da wani tsumma. Ya gane tsumman: hannun rigar Ghali ne.

"Wa ya yi miki? Shi ne? Shi ya yi miki?"

"Babur ne, Baba. Ya buge ni ya gudu. Kowa ya tsaya yana kallo. Mai dabino ne ya ɗauke ni, ya ce zai kai ni asibiti, ya ce kada in ji tsoro ya san babana." Ta ja numfashi da ƙyar. "Baba, me ya sa suke dukan sa?"

Duk tsawon lokacin nan yarinyar na zubar da jini, babu wanda ya nemi mota. Kowa ya tafi dukan ɓarawo.

Lawal ya waiwaya. An riga an rataya wa Ghali tayar a wuya, ana zazzaga masa fetur. Wani na laluben ashana a aljihu.

Bai san lokacin da ya isa wajen ba. Ya faɗa kan Ghali ya rufe shi da jikinsa, fetur na shiga masa ido da baki, yana ihu da Larabci, da Faransanci, da Hausa.

"Ku tsaya! 'Yata ce! Taimakon ta ya yi! Ba shi ba ne!"

"Kai ka ce shi ne!"

"Ƙarya na yi! Ban sani ba!"

"Ga takardarka nan!" Wani ya ɗaga ta sama. "Ko an saye ka ne? Abokin ɓarawo!"

Sanda ta sauka a ƙeyarsa. Dutse ya fasa masa goshi. Aka kama ƙafarsa ana ja, ya ƙanƙame Ghali ya ƙi saki. Mutanen da ya raba wa takarda da hannunsa, su ne suke tattaka shi. Rufa'i ne ya iso ya rungume mai ashanar ta baya suka zube tare, yana ihu a kira hukuma. Allah Ya sa motar jandarma na wucewa ta babban titi. Suka harba bindiga sama, taron ya watse kamar ba a taɓa yin sa ba. Aka bar takalma, da duwatsu, da huluna cikin jini.

Mota ɗaya ta kwashe su, su uku, zuwa asibiti.

Likita ya ce ƙafar Hamdiyya za ta ɗoru, amma jinin da ta zubar ya yi yawa, kuma ba don ɗaurin da aka yi wa cinyar ba, da gawa aka kawo. Zaliha ta iso ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Rufa'i ya gaya mata komai a bakin ƙofa. Ta wuce Lawal yana zaune a benci an naɗe masa kai, ta tsaya kaɗan.

"Baban Hamdiyya, da hannunka?"

Ta shige wajen 'yarta.

Ghali kuwa idon hagu ya tafi. Hannun dama, likita ya ce ƙasusuwan sun dagargaje, ko ya warke ba zai ƙara matse hula da shi ba. Da ya farfaɗo wajen la'asar, Baba Inusa na zaune a gefensa, Lawal na tsaye daga bakin ƙofa ya kasa shiga. Abin da ya fara fita daga bakin Ghali shi ne, "Baba, yarinyar ta rayu?"

"Ta rayu."

"Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Hulunan mutane fa? Juma'a ta kusa."

Lawal ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa. Baba Inusa ya fito zai yi alwala, ya bi ta gabansa. Lawal ya kama bakin rigarsa.

"Baba, ku ce wani abu. Ku zage ni."

Tsohon ya janye rigarsa a hankali. "Ni zan aika wa uwarsa. Ni na ce mata ya zo, yana hannuna."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Jandarma suka rubuta bayanin Lawal, suka ce za a neme shi. Kafin magariba ya koma shago. Ya tayar da janareto, ya zauna gaban kwamfutar, ya yi abin da bai yi ba tun farko: ya nemi asalin hoton. Bai sha wahala ba. Ga hoton nan, shi ɗin dai, a wani shafi an ce a Duwala aka ga mutumin. A wani an ce Abijan. A wani an ce Bamako, shekaru kafin Ghali ya taka ƙasar Chadi. Kalmomin iri ɗaya, sunan gari kawai ake canzawa. A hoton da ya fito sarai, layin da ke kumatun ma ba tabo ba ne, inuwar wata igiya ce.

Ya kashe injin. Shagon ya yi tsit, irin shirun da ya manta da shi.

Washegari, bayan sallar asuba, Lawal bai buɗe siber ba. Ya bi ƙofar shago da sandunan lantarki yana ɓamɓare takardun da farce. Ya je bakin kasuwa, ya durƙusa a inda aka yi abin, ya tsince hulunan ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙasa, ya zuba a buhun Ghali. 'Yan kalando na kallon sa.

Niyyarsa ya wanke su, ya kai wa kowa tasa har gida, kuma a kowace ƙofa ya faɗa da bakinsa cewa Ghali ba ɓarawo ba ne, shi Lawal ne ya yi masa ƙarya. Sai da ya saɓa buhun ya gane bai san hular wa da wa ba ce. Bai ma san gidajen da yawa daga cikinsu ba, ya daɗe da daina zuwa.

Ya hau mota zuwa Atrone. Ya tarar da Baba Inusa a kan tabarma a ƙofar gida. Ya cire takalmi daga nesa, ya ajiye buhun, ya durƙusa.

"Baba, na zo tambaya."

Tsohon ya daɗe yana duban sa, ya dubi rawanin bandejin da ke kansa, ya dubi buhun.

"Yanzu ka zo."

"Yanzu na zo, Baba."

Baba Inusa ya jawo buhun, ya zaro hula ta farko, ya kaɗe ƙasar da ke jikinta, ya juya ta a hannu.

"Wannan ta Ummaru mai goro ce. Matarsa ta rasu da azumi, ba ka je ba." Ya lalubi sandarsa ya miƙe. "Ɗebo ruwa a rijiya ka wanke su. In sun bushe, da gidansa za mu fara. Ɗauki buhun, kai za ka saɓa."

Lawal ya ɗauka.

Darasi: Na'ura ba ta san kowa ba, kuma ba za ta tsaya gaban Allah a madadinka ba. Abin da ka gani a intanet, ba ka san wanda ya rubuta ba, ba ka san yaushe ba, ba ka san don me ba. Kafin ka yaɗa magana a kan mutum, tashi ka je wajen wanda ya san shi ka tambaya. Kuma kada gilashi ya ɗauke maka ido daga mutanen da ke tsaye a bayanka suna yi maka magana. A lokacin Lawal sai an je shago ake samun wannan abu, yau yana aljihun kowa, har da naka. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana saurin tura abin da bai bincika ba, ko Allah Ya sa hannun wani ya tsira.